Hulunan da Ka Kwashe a Bakin Kogo

Zuwa ga Yaya Hamadu, a Duwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙane ga wansa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, da sabuwar hular ƙarfen nan mai fitila a goshi da ba ka rabuwa da ita a duk hoton da ka saka. Mu nan Garwa sai godiya. Ruwa ya fara sauka, kogin Binuwai ya fara kawowa.

Na kira ka a waya har na gaji, ba ka ɗauka. Na ba direban da ke kai albasa Duwala saƙo, ya dawo ya ce ka ce aiki ya yi maka yawa. To, tunda a wannan shafin naka na intanet kaɗai ake samunka, inda ka naɗa wa kanka sarautar Sarkin Kogo, ga ni na biyo ka. Masu yi maka tafi su matso, su ma su karanta.

Na ga sanarwarka. Ka ce za ka zo da hutun damina ka ratsa da ɗalibai ta cikin kogon farin dutsen nan na bayan Figil, ku shiga ta baki ɗaya ku ɓullo ta wancan. Cikin waɗanda suka ce za su bi ka har da 'yata Hawwa, mai karatun ƙasa da duwatsu a Maruwa. Ba don ita ba, wallahi da na bar ka ka yi ta zuba, ai bakinka ne. Amma ba zan ɗauki 'yata in miƙa wa mutumin da na san abin da yake yi idan dutse ya matse shi ba.

Bari in tuna maka, tunda iskar bakin teku ta wanke maka kai.

Muna samari, sana'armu kwasar kashin jemage a kogon nan, mu kai wa masu lambun albasa. Mu uku ne: ni, da kai, da Piyer, mutumin Mokolo da ya yi aure a ƙauyen da ke gindin dutsen. Ka kuma san al'adar ƙauyen. A bakin kogon akwai wani falalen dutse. Duk wanda zai shiga sai ya cire hularsa ya ajiye a kai, ya danne ta da tsakuwa. In ya fito ya ɗauki abarsa. Kafin rana ta faɗi mutanen jauro, mai garin, sukan leƙa, in sun ga hula ta yi rabin yini ba mai ita, sai a buga ganga, maza su fito da igiya. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ko yaron goye a ƙauyen ya san hular wani ba a taɓa ta.

Wata shekara takin bakin kogo ya ƙare, sai kai da kanka ka kawo shawarar mu zarce ciki, wai ka ji ana cewa akwai wani babban ɗaki da ba a taɓa ɗiba ba. Muka ajiye hulunanmu biyu da malafar Piyer. Piyer ya wuce gaba, ni a tsakiya, kai a baya da babbar tocila da igiya a kafaɗa. Har ka ce mana, “Babba shi ke tsaron baya.” Na daɗe ina juya wannan magana taka. Ashe ƙofa kake tsaro.

Ka tuna Maƙogwaro, matsatsiyar hanyar nan da ake bi da rub-da-ciki, kunci a kan dutse, sai mutum ya fitar da numfashi kafin haƙarƙarinsa su wuce? Ina jin ka a bayana kana ta salati, kana cewa mu yi a hankali. Muka ɓulla wani ɗaki mai faɗi, duwatsu na rataye daga sama kamar hantsar saniya, ruwa na ɗiga daga bakinsu. Iyakarka ke nan a kogon nan, Yaya. Daga wannan ɗakin ba ka ƙara taku ɗaya gaba ba, ba ranar ba, ba kuma bayanta ba.

Muna nan muka ji wani gurnani daga nesa. Ruwan farko ne ya sauka a kan tsaunuka kafin lokacinsa, yana neman hanya ta cikin dutse. Piyer ya gangara ya duba inda ƙarar take, santsi ya ɗebe shi, tocilarsa ta faɗa rami, ƙafarsa ta karye ƙasan gwiwa. Na bi shi na sauka. Na ɗaga murya na ce ka haska mana, ka jefo igiya. Na ga hasken tocilarka yana rawa a jikin bango, ya ƙanƙance, ya ɓace. Ba a jima ba ruwa ya cike Maƙogwaro.

Abin da ya rage mana ƙaramar tocilata ce, pil ɗinta, wato batir, shi ma ya fara sanyi. Baya ta rufe, sai gaba. Na ɗaure ƙafar Piyer da rigata, ya rataya a kafaɗata. Duk inda hanya ta rabu sai mu tsaya, in kashe tocila, mu jiƙa kunci da ruwa mu saurari ta inda iska ke hurowa. In mun zaɓi hanya sai in tara 'yan duwatsu a bakinta, don kada mu yi ta zagaye wuri ɗaya. Wani wurin ruwa iya ƙirji, wani wurin sai na ja shi a ƙasa kamar buhu, yana cizon hannunsa kada ya yi ihu. Sau da yawa mun koma da baya saboda hanya ta mutu a jikin bango.

Ka san abin da ya fi ci mini rai har yau? Ni ne nake ta kare ka. Ina ce wa Piyer ka tafi kiran mutane ne, yanzu za mu ji ganga. Shi kuma, da Hausarsa ta kasuwa, yana lallashina: “Isiyaku, kar ka damu. Ko Hamadu bai faɗa ba, hula yana kan dutse. Mutane za su zo.” Da wannan maganar ya riƙa jan ƙafarsa.

Jemagu ne suka fitar da mu. Mun zauna mun fid da rai, sai muka ji sun taso suna wucewa ta kanmu, duk sun nufi gefe guda. Muka bi su da lalube har muka ga wata tsaga da ɗan haske. Muka fito a bayan dutsen, cikin ƙaya, jikinmu fari fat da taɓon farar ƙasa. Wata Bafillatana mai tallar nono ta hango mu, ta yar da ƙwarya ta ruga, ta zaci aljanu ne. Mijinta ne ya dawo da jaki ya ɗauki Piyer.

Da muka isa ƙauye, jauro ya riƙe baki. Ya rantse sun leƙa dutsen tun ruwa bai ɗauke ba, ba hula ko ɗaya, shi ya sa suka ɗauka mun fito mun kama hanyar gida.

A nan nake so ka tsaya, kai da masu tafinka. Gudun da ka yi ban taɓa riƙe ka da shi ba. Tsoro halitta ne, ni ma da ina bakin Maƙogwaro lokacin ban san abin da ƙafata za ta yi ba. Amma ka fito sarari, ka sha iska, hankalinka ya dawo. Ƙauye ga shi nan a gabanka, ihu ɗaya ya isa. Sai ka tsaya ka yi tunani: in ka ɗauki hularka kaɗai, za a ga biyu, za a tambaye ka ina 'yan'uwanka, me ya fito da kai kai kaɗai da igiya a kafaɗa. Sai ka sunkuya ka kwashe duka. Ka gwammace mu ruɓe a cikin dutse da a ce Hamadu ya gudu. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Kai ka haɗa su biyun a wuri ɗaya, kuma mu muka biya.

Ka tari kamiyon, babbar motar da ke ɗaukar farar ƙasa, ka sauka Garwa, ka ce wa Inna mun zarce kasuwar garin Gidar ni da Piyer. Ta zuba maka tuwo da miyar yakuwa, ka ci. An ce har ƙari ka nema.

Inna ce ta tsinci hulata a ƙarƙashin katifarka, tare da malafar Piyer a murƙushe. Ta wanke tawa, ta miƙo mini, ta ce, “Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Muddin ina numfashi ka rufa wa wanka asiri.” Na rufa. Ka tattara ka tafi Duwala, na rufa. Inna ta rasu, ka zo ka karɓi gaisuwa da babbar riga, na rufa.

Piyer kuwa, an ɗora ƙafar a lopital, wato asibiti, amma ta warke a karkace. Mutumin da ke hawa gonar kan dutse da buhu a ka ya koma zaman bakin hanya yana gyaran fartanya. Har ya bar duniya bai taɓa zaginka ba. In an ambaci sunanka sai ya yi murmushi ya ce, “Hamadu? Kai, Hamadu yana da gudu.” Matarsa tana nan da rai, in kana so ka je ka gaishe ta, ko da yake na san ba za ka je ba.

Yanzu ga ka a bidiyo, ka gyara zama, kana ba da labarin yadda ka goyo wani mai karaya a bayanka, ka bi jemagu har ka fito da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko jemagun ma a bakina ka ji su, ranar da nake ba Inna labari kana laɓe a bayan ƙofa. Ka jira sai da mai ƙafar ya kwanta dama sannan bakinka ya buɗe. Jarumi ke nan, Sarkin Kogo, wanda ya san hanyar fita tun kafin a gama shiga.

Kuma wai da damina za ka kai 'ya'yan mutane! Mutanen da aka haifa a gindin dutsen nan, da zarar hadari ya fara haɗuwa ko akuyarsu ba sa bari ta kusanci bakin kogon. Kai da ka ga Maƙogwaro ya cika da idonka, kai ne za ka jera yara a cikinsa don a ɗauki hoto. Bayan ɗakin farko dama za ka yi ko hagu? Ba ka sani ba. Hular ƙarfe ba ta nuna hanya.

Na ce wa Hawwa kada ta je. Ta dube ni da idon tausayi, ta ce, “Baba, Bappa ya shiga ya fito, kai kuma tsoro ya hana ka komawa. Ba laifi ba ne.” Yaya, an sha gaya mini magana a duniya, amma ba wadda ta zauna mini a ƙirji kamar wannan. 'Yar da na haifa tana lallashina da ƙaryarka. Amsata ita ce wannan wasiƙa. A nan za ta karanta, tare da kowa, kuma na san za ta yi kuka, don tana ji da kai. Wannan kukan ma a wuyanka yake.

Abin haushin, ban iya daina sonka ba. Na gwada. Sai in tuna lokacin da muke yara, mayo, rafin nan na hanyarmu, ya kawo ruwa muna dawowa daga makaranta, ka ɗora ni a wuya ka ƙetare da ni, ruwa na dukan haɓarka, kana ce mini in riƙe kunnuwanka kada in kalli ƙasa. In tuna yadda kake tura mini naman miyarka in Inna ta juya baya. Wannan Hamadun ma kai ne. Ban san inda ka ajiye shi ba, amma na san an taɓa yin sa, a ɗaki ɗaya muka kwana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To ga abin da ke nan. Maganar damina ka cire ta. Na je ƙauyen da kaina, na zauna da jauron yanzu, ba mai shiga kogon nan sai ƙasa ta bushe. Ka kira Hawwa ka gaya mata gaskiya da bakinka, ko da bayan ta karanta ne, don ta san bappanta ya iya abu ɗaya mai wuya. Na san 'yata, jinin gidanmu ce, taurin kai gado ne. Ko ta gama fushi da kai, kogon za ta ce sai ta gani, don karatunta ke nan, ni kuma ba zan ɗaure ta ba.

Saboda haka in rani ya yi, in har kana da fuskar zuwa, zan shiga tare da ku. Gwiwata ta lalace, tumbi ya fito, kuma na yi rantsuwa ba zan sake sa kaina a ramin nan ba. Zan yi kaffara. Mutanen ƙauye su ja gaba, Hawwa ta bi su inda zan riƙa hango fitilarta, kai ka biyo, ni kuma ina bayanka, dab da diddigenka. Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu, ka fi kowa sani. Duk abin da ka ji ya yi gurnani a cikin dutse, in ka juyo, fuskata za ka gani.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta yafe mini buɗe abin da ta rufe. Allah ya saka wa iyalin Piyer da alheri. Allah ya tsare Hawwa da 'ya'yan mutane, a sarari da cikin duhu. Kai kuma Yaya, Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya ba ka zuciyar da za ka ɗauki waya in na kira. Amin.

Ƙaninka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Isiyaku, Garwa.