Takardunka da Fadamar Danchadi

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Na san takardar nan ba ta da mai kai ta, kuma ba za ka karanta ba. Amma na gaji da riƙe magana a ciki, ga shi ba wanda zan iya gaya wa sai kai.

Gida lafiya. Inna tana nan, gwiwa ce dai ta matsa mata tun faɗuwar damina. Ɗalibanka sun watse, manyan sun koma Sifawa wurin abokinka. A unguwar masaƙa mutum biyu sunka rage bisa aiki, su ma tsofaffi. Ni kuwa ina nan kan keken ɗinki a kasuwar Bodinga, ina ɗinka yadin kanti, wanda ka ce shi zai ci masaƙa. Ya ci su, Baba, kuma da hannuna anka ba shi.

Ka tuna yadda kake saɓa gafaka ranar kasuwa, ka taka har Shagari, ka zauna gaban tsofaffi kana tambayarsu sana'ar kakanninsu, da inda sunka fito, da wanda ya sare dajin da suke noma? Kakan ce jerin sunayen sarakuna ba ya nuna yadda gari ya sauya, sai an bi gida gida, daga kaka zuwa jika, a ga wa ya hau, wa ya sauka, da abin da ya jawo. Kana son sanin me ya sami mutane da anka daina ciniki da kuɗin wuri, da Nasara ya hana sayen bayi, da hanyar mota ta ratsa gonaki. Ban taɓa gaya maka ba, amma kunya nake ji. Abokaina suna ce maka malamin tone-tone, ni kuma in yi dariya tare da su. Sau nawa ka ce in zo in riƙe maka tawada na ce ina da ɗinki?

To ga abin da ya faru. Ka san Tanko, tsohon nan na runjin Danchadi, inda bayi sunka zauna a da. Fadamar da yake noma, tun ina yaro ba wanda ya kula da ita. Da manyan motoci sunka fara zuwa sayen albasa, sai surukina, baban matata Hajo, ya tashi ya ce ta kakansa ce, aro anka ba uban Tanko tun yana bawan gidansu. Magana ta kai gaban alƙali. Duk wanda ya ga farkon abin ya rasu.

Tanko ya tako har rumfata da sandarsa. Ya durƙusa, mutumin da ya girme ka, ya ce ya tuna ka taɓa zama da Gwaggo Dudu, ƙanwar uban surukina, kana rubuta abin da take faɗa. Ya roƙe ni in duba.

Na duba, Baba. Kwana biyu ina kwance ɗaurin takardunka, na sami takardar da rubutunka mai kwanciya. Gwaggo Dudu da bakinta ta ce wurin ƙaya ce da ruwa kwance, uban Tanko ya sare shi shi kaɗai, kuma ranar da anka 'yanta shi ubangidansa ya bar masa a gaban mutane. Ka rubuta sunayen mutanen.

Na mayar da ita ƙasan gafaka. Da Tanko ya dawo na ce masa gara ta cinye.

Me zan ce maka? Na tuna Hajo da cikinta, na tuna surukina ne ya tsaya mini na sami rumfa, na ce wa raina ai takardar mamaci a kan maganar mamaciya ba shaida ba ce. Watakila ma haka ne. Watakila da na kai, alƙali ya ajiye ta gefe. Amma ban kai ba balle in sani. Anka ba surukina fadama. Bana ya sa 'yan ƙodago, kuma cikinsu har da jikokin Tanko biyu. Kai da kake cewa sauyi a hankali yake tafiya kamar jijiyar itace, ka taɓa ganin ya yi kwana ya koma inda ya fito?

Tun daga nan ba na jin daɗin aiki. In taka keke, ƙafa ta yi nauyi. Da na ji Tanko zai koma Mandera wurin ɗiyarsa, na ɗauki takardar na tafi. Na iske shi yana ɗaure tabarma. Na gaya masa gaskiya duka, ina jiran zagi, don da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce in sake. Da na zo kan sunan ubansa ya ɗaga hannu, ya ce nan Malam ya yi kuskure, wannan sunan da ubangida ya sa masa ne. Ya faɗa mini sunan da kakarsa ta raɗa wa ubansa can ƙasarsu kafin a kamo shi, ya ce duk duniya shi kaɗai ya rage da ya san shi. Ya tambaye ni ko akwai sauran wuri a takardar.

Akwai ɗan fili a gefe. Na ari alƙalami wurin limaminsu na rubuta. Ya sa na nuna masa wurin da yatsa, ya dube shi ko da ba ya karatu, sannan ya ci gaba da ɗaurin kayansa. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban sami bakin roƙo ba.

Hajo ba ta sani ba har yau. Gobe Juma'a zan gaisa da ubanta a masallaci kamar kullum. Na gaji, Baba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. In ana jin labarin duniya a can, kada ka kawar da kai daga gare ni.

Ni ne ɗanka,
Umaru tela, Bodinga