Ragon da Hajiya ta ɗaure

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya Alhaji da yara, ya zaman Legas? Ina fatan ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Mu nan Faskari sai godiya.

Yaya, bai zauna ba. Ƙwan nan na ƙarshe da suka ajiye mana cikin ƙanƙara a asibitin Kaduna an dasa mini shi a mahaifa. Kullum sai an yi mini allurar da likita ta ce tana taimaka wa mahaifa ta riƙe, har zama ya gagare ni. Ranar Litinin aka gwada jini, babu komai.

Abin da ya fi ci mini rai, allurar ta kumbura ni, ga tashin zuciya. Hajiya uwar mijina ta gani, ta ɗauka ciki ne. Kin san ba a faɗa. Kawai ta karɓe taɓarya daga hannuna, ta hana ni ɗebo ruwa, ta shiga aiko mini da fura. Ta yaya zan ƙaryata maganar da ba wanda ya furta? Mijina Malam ya ce shi bakinsa ba zai iya faɗa mata ba.

Ki sa ni a addu'a, Yaya, ni tawa ta fara gajiya. Ki gaida Alhaji da yara.

Ranar kasuwa Hajiya ta sayo rago ta ɗaure bayan ɗakina. Ni nake ba shi dusa kowace safiya.

Ƙanwarki,
Binta