Hanyar Yasen Zuwa Italiya

Sofiya, watan Maris

Zuwa ga Kaka Velika,

Gaisuwa da fatan ciwon ƙugunki ya yi sauƙi. Ni ce Ralitsa, ta ƙungiyar da ke nema wa yaran gidan marayu iyaye a ƙasashen waje, wadda kika tarar zaune da jikanki Yasen a gidan marayun ranar Lahadi. Na kasa faɗa miki abin da ya kawo ni, shi ya sa na rubuto.

Akwai mata da miji a Italiya da ke son ɗaukarsa. Na san gidansu, mutanen kirki ne. Amma mahaifinsa ya ɓace bai sa hannu ba, kuma ba za a sa Yasen cikin yaran da za a ba wa iyaye ba sai ya yi wata shida babu wani nasa da ya leƙo shi. Duk ranar da kika je, lissafin ya koma farko. Ya kusa shekara takwas, manyan yara kuwa ba a cika tambayarsu ba.

Kaka, roƙonki nake yi ki daina zuwa. Ni ma daga irin gidan nan aka ɗauke ni zuwa Italiya ina shekara bakwai, don haka na san nauyin abin da nake nema.

Ki huta lafiya,
Ralitsa

Brestovo, watan Afrilu

Ke yarinya,

Na amsa gaisuwarki, tunda an koya mini amsa gaisuwa. Ashe abin da kika zo da shi ke nan, kika zauna kika cinye mini banitsa, gurasar cukun da na gasa wa yaron, har yanka biyu kina ta murmushi!

Ni na binne uwar yaron nan. Ni na goya shi har ranar da na faɗi a rumbun barkono na karye, ma'aikatan gwamnati suka zo suka ce tsohuwa mai sanda ba ta iya riƙon yaro. Ɗana kuwa, uban yaron, tun da ya tafi Jamus ko tarinsa ban sake ji ba. Bas biyu nake hawa da wannan ƙugun don in ga Yasen ya ci abin hannuna, ke kuma daga ofis kin ce zuwan nawa ne cutarsa. Ba zan daina ba.

Kin ce an ɗauke ki ke ma. To, wa ya daina zuwa wurinki, kuma kin yafe masa?

Allah ya shirye ki,
Velika

Brestovo, watan Mayu

Ralitsa 'yata,

Ina gaishe ki. Ba ki amsa ba, ban kuma ga laifinki ba.

Lahadin nan na tarar ana sallamar wani yaro daga gidan marayun don ya cika shekara goma sha takwas. Ya fito da jaka ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya duba hagu ya duba dama. Na ce masa, "Ɗana, ina za ka?" Ya yi dariya ya ce, "Kaka, in kin sani ki faɗa mini." Sanda na fito zan tafi yana nan a wurin.

Shekarata saba'in da tara. Ranar da za a miƙa wa Yasen tasa jakar, ni ciyawa ta daɗe da rufe ni. Na sumbace shi ranar nan kamar kullum, ban ce masa komai ba, don da na buɗe baki da na fasa. Fara lissafinki.

Taki,
Velika

Sofiya, watan Disamba

Kakata,

Ina gaishe ki, da kunya a idona. Kotu ta yarda, Yasen zai tafi bayan Kirsimeti. Yanzu babu abin da zai hana ki ganinsa, sai abin da zan faɗa miki.

Watannin farko duk Lahadi a taga yake yini. Ya tambaye ni ko kin mutu, na ce a'a. Ban iya ƙara komai ba, don da ya faɗa wa ma'aikatan cewa shiri ne, da komai ya rushe. Daga baya ya daina zuwa tagar. Da aka tambaye shi ko yana da wani nasa, ya ce, "Ba ni da kowa." Wannan maganar ce ta buɗe masa hanya, ni kuwa na fita waje na yi kuka.

Jiya na gaya masa gaskiya duka, na ce zan kai shi wurinki ku yi sallama. Ya ce, "Ƙarya kike yi, Anti. Ni ba ni da kaka." Ya ƙi zuwa. Amma in kin ce in matsa masa, zan kawo shi ko a kafaɗa ne.

Kin yi mini tambaya na ƙi amsawa. Innata ce ta daina zuwa wurina, ƙanwar mahaifiyata. Na girma ina ƙinta. Da na dawo nemanta ta riga ta rasu, kuma har yau ban sani ba, don ni ta daina zuwa ko gajiya ta yi.

'Yarki,
Ralitsa

Brestovo

'Yata,

Sannu da ƙoƙari. Kada ki matsa masa. In yana fushi da ni zai fi saurin kama sabuwar uwarsa, ki bar masa fushinsa ya tafi da shi.

Ki gaya wa matar, in ya ce ya ƙoshi ƙarya yake yi, ta ƙara masa. In ya kai shekarunki, ki neme shi ki sake faɗa masa, ko ba na nan.

Innarki kuma ba gajiya ta yi ba. Ni da na yi, na sani.

Kakarki,
Velika