Kawu Ilu a Cikin Fim

Daren Asabar, Takur

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu na je bikin nuna finafinai, aka haska wani na barkwanci a jikin farin zane. Fim ɗin banza, ba mai dariya, sai dariyar da suka naɗa a kaset.

'Yan wasa na rigima a kasuwa, sai ga Kawu Ilu, wanda muka binne kafin azumi, ya gifta ta bayansu. Ya tsaya, ya zubo mana ido. Daga ɓangaren mata 'yan kallo, matarsa ta ce, "Malam!" Sai dariyar kaset ta ɓarke.

Da aka tashi na tambayi mai fim ɗin, "Malam, yaushe kuka ɗauka?"

Ya ce, "Bayan Sallar nan."

Ni kuwa da hannuna na sa shi a kabari.