Ku Gwada Ni, Ni Ma Ku Ba Ni Bajon Walda

Zuwa ga Mai Girma Dakta, Shugaban Ɗakin Ƙere-ƙere na jami'ar da 'yata take karatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da malamanka, ranka ya daɗe, kuka na kawo, kuma a bainar jama'a zan yi shi, tun da a bainar jama'a abin ya same ni.

Ni mai walda ne a Funtuwa, sama da shekara talatin ina ƙera injin sussukar masara da garmar shanu. 'Yata Rabi'atu tana aji uku a sashen injiniya. A zangon da ya wuce ta shiga ɗakinku, ta yi sati shida tana koyon walda, kuka ba ta abin da kuke kira bajo, wato ƙaramar shaidar cewa ta ƙware. Na ce ta ciro in gani, in sa a yi masa firam. Sai ta miƙo min waya. Ashe wani ɗan hoto ne zagayayye, bai kai marfin kwalba ba.

Na farko, ban raina shi ba, shi ne ya raina ni. Gab da kaka, wata ƙungiyar manoma daga Maska ta zo neman wanda zai ƙera mata injin sussuka. Masu tallafa musu sun ce dole mai aikin ya nuna shaidar ƙwarewa. Na nuna musu tabon wuta a hannuwana biyu. Sakatarensu ya tausaya min ƙwarai, amma ya ce babu gurbin tabo a fom. Rabi'atu ta buɗe bajon a wayarta, ya haska shi da tasa wayar, nan take sunanta ya fito. Aka rubuta aikin da sunanta, ni kuma aka sa ni a layin "mataimaki".

Na biyu, tun ranar ban sake sakewa a shagona ba. Ta hana ni aiki da silifa. Ta sa min safar hannu mai kauri, da ko goro ba na iya ɓarawa. Baƙin tabarau ɗina da ya raka ni tun ina saurayi ta ce na zuwa biki ne. Rannan ta duba haɗin da na yi, a gaban Alhaji Isa mai taya da mutanen majalisarsa, ta ce, "Baba, a sake wannan." Abin haushin, da na duba, tana da gaskiya.

Na uku, na yi tattaki har ofishinku don in nemi nawa. Wata baiwar Allah ta tarbe ni da mutunci, ta nemi lambar ɗalibi. Na ce ba ni da ita. Ta nemi imel, na ce sai na tambayi 'yata. Ina shirin fita na ga ƙafar teburin waldarku tana rawa, na karɓi kayan aiki na ɗinke ta. An yi min godiya, an ba ni ruwan sanyi, bajo kuwa babu.

Ba ina ƙyashin yarinyar ba ne. Wallahi ina alfahari da ita, kuma injin ya tafi Maska yana ta aiki. Roƙona shi ne ku ware rana guda a shekara, tsofaffin masu sana'a irina su zo, ku ajiye mana ƙarfe, ku gwada mu. Wanda ya ci, ku ba shi nasa. Wanda ya faɗi, ku gaya masa a asirce. Sannan don Allah ku ƙara wa ɗalibanku darasi ɗaya, na yadda ake yi wa uba gyara idan akwai mutane a wurin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci ɗalibanka, ya raya maka 'ya'yanka, ya sa kada su karanci fanninka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sani Mai Walda,
Mataimaki a shagonsa,
Funtuwa.