Ruwan Rijiyar Baba a Kwalba

Kano, 9 ga Agusta

Yaya Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da matarka Hure da jaririya Furera. Tunda ka daina ɗaga wayata, na ba direban motar Kunci wannan takarda.

Ruwan da na ɗebo a rijiyar Baba ranar da na zo, na gwada shi a ɗakin bincikenmu na jami'a. Cike yake da naitiret, wato gishirin da takin zamani ke bari idan ya narke a ruwa. Babba kan sha bai ji komai ba, jariri kuwa jininsa kasa ɗaukar iska yake yi. Na ga leɓen Furera, Yaya. Wannan shuɗin ba sanyi ba ne. Ku daina dama mata koko da ruwan nan tun yau, ku kai ta asibiti a Bici.

Ƙanwarka,
Safara'u

Gida, 12 ga Agusta

Safara'u, ko in ce Dakta,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, har 'yar tawa da kika fara yi wa makoki.

Ashe abin da kika ɓoye a jaka ke nan. Kin zo gidan ubanki, kin ci tuwo, kin saci ruwa a kwalba kamar fitsarin da za a kai gwaji. Rijiyar nan Baba ya haƙa da hannunsa, gaba goma sha biyu. Ita kika sha har kika yi bakin zaginta. Inna har gobe ba ta alwala da wani ruwan.

Nonon Hure ba ya isa, don ita ma ba ƙoshi take yi ba a shekarun nan da ke ba ki san zafinsu ba. Amma mu ba jahilai ba ne. Sai ta tafasa ruwan har rabin tukunya ya ƙone kafin ta dama kokon. Famfon burtsatse tafiyar awa guda ne, ga layi. In da gaske kike, ina injin wanke ruwan da kika shekara bakwai kina cika mana baki da shi? Kawo shi, ko ki kama bakinki.

Ki huta lafiya,
Sama'ilu

Kano, 13 ga Agusta

Yaya,

Salam. Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, ba ta taɓa gishirin nan. Ruwan ne ke tafiya a tururi, gishirin ya zauna. Duk rabin tukunyar da Hure ta ƙonar, ninka wa yarinyar guba ta yi, kuma don so ta yi. Ka gaya mata a hankali.

Injin da kake min gori da shi kuwa, ga gaskiyarsa. Wasu ƙwayoyin ƙarfe ne da muke kira katalis, ruwa ya bi ta kansu, su mayar da naitiret iska ta fice. Yana aiki, amma kofi ɗaya yake wankewa a awa, a kan tebur, in akwai wuta. Ba zai ceci Furera ba, kuma hakan yana yi min ciwo fiye da yadda zai yi maka daɗi.

Sai tambayata. Na ɗebo na rijiyar maƙwabcinka Mati, taku arba'in tsakaninku, nasa da sauƙi ƙwarai. Abin da na gani a namu ya fi ƙarfin kwararo daga gona. Me ka ajiye kusa da rijiyar nan? Ka zage ni in ka gama, amma ka amsa.

Allah Ya kiyaye,
Safara'u

Bici, 17 ga Agusta

Safara'u,

Salam. Daga asibiti nake rubutu. Furera ta sha wuya, amma leɓenta ya koma ja, yau har ta kama nono.

Buhu shida ne na taki, kamfa da yuriya. Raguna biyu da akuyar Hure na sayar na saya. Da aka fara fasa rumbunan mutane ana kwashe taki, sai na haƙa rami a gindin rijiya, inda idona ke kai, na binne su cikin leda. Ruwan Yuni ya shiga. Da na tone, rabi ya narke. Na mayar da ƙasa na yi shiru, don a tunanina asarar taki kawai na yi.

Jiya na koma gida na rufe bakin rijiyar da siminti. Inna ta zauna a kan turmi tana kallona har na gama, sannan ta tambaye ni wa ya kashe rijiyar mijinta. Na ce ke ce, da bokonki. Ta ce kada a ƙara kiran sunanki a gabanta.

Ba zan iya gyara maganar ba. Ni nake kwana a gidan nan, ni nake kai mata abinci. Ki bar shi a haka.

Yayanki,
Sama'ilu

Kano, 19 ga Agusta

Yaya,

Salam. Alhamdu lillahi da Furera. Na bar shi a haka, amma ban yafe ba tukuna.

Ka gaida Inna, ba sai ka ce daga wa ba.

Safara'u