Ƙarar Silifas Ɗina

Daren Talata, unguwar Ulaya

Yau Madam, Balarabiyar da nake wa aikin gida, ta miƙa tsohon karenta ga wata mata a garin Dir'iyya. Ɗan ƙarami ne, makaho, a yashe Madam ta tsinto shi. Ban taɓa sa masa hannu ba saboda tsarki, amma ƙarar silifas ɗina yake bi har wurin ruwansa. Na so in faɗa wa matar, Larabcina ya ƙi. Na gaya wa Madam, ta ce, "Halas, shi ke nan, ya Rabi, zai saba."

Gidan matar duk kafet ne, na gani da idona. Tafiya ba ta ƙara a can.

Ɗazu na tashi shan ruwa, sai na ji ina jan ƙafa a hankali, ina jiran karen. Ya Allah, kada Ka tambaye ni ƙishirwarsa.